Jar Kanwa daga Hawai

Duk wanda ya zauna a Dubai ya san cewa wurinmu ake zuwa neman tsaraba, mu ba a kawo mana. Mutum zai taso daga Kano ko Gusau, ya yi kwanaki a falona, ya cika jaka da turare da abaya da agogo, ya koma gida a yi ta sa masa albarka. Na daɗe ina raka irin waɗannan baƙi babbar kasuwar 'yan Sin da ke gefen unguwarmu, International City, har masu shaguna suka ɗauka dillali ne ni. Saboda haka da tafiya ta faɗo kaina a watan Oktoban 2018, abin da ya fara damuna shi ne abin da zan kawo wa garin da kowa yake zuwa saye.

Tafiyar ma ba tawa ba ce. Ina aiki ne a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, inda nake wuni ina bin sawun kwantenoni a kwamfuta. Shugaban sashenmu aka gayyata taro a Hawai, sai ciwon baya ya kwantar da shi, aka duba ofis kaf aka ga ni kaɗai nake da bizar Amurka da ba ta mutu ba. Na yi masa addu'ar samun sauƙi da zuciya ɗaya, sai dai ban matsa a kan lokaci ba.

Amma murnata ba ta cika ba, domin na bar magana a gida. Matata tana da cikin fari, ya tsufa, kuma mahaifinta ya riga ya yanke hukunci daga Kano cewa a gida za ta haihu kamar yadda yayyenta suka yi. Mahaifiyarta za ta zo ta ɗauke ta tun kafin jirgi ya ƙi ɗaukarta. Na san ma'anar haka sarai. Haihuwa a can, suna a can, wankan jego a can, sannan a ce sai jariri ya yi ƙwari. Ni kuwa hutuna na shekara ya ƙare, ke nan a waya zan ga ɗana na fari har sai ya fara zama. Ba na so, matata ma ba ta so. Amma wane suruki ne zai buɗe baki ya ce wa iyayen matarsa a bar masa ita saboda yana son ganin ɗan fari? Ai abin faɗa ya samu a dangi har jikoki. Na ce "to, Allah ya kai mu," na ɗauki jakata na tafi ina cizon yatsa.

Hawai nisa gare ta, nisan da sai da na daina tambayar ƙarfe nawa. Tsibirin da muka sauka baƙin dutse ne da ruwan sama da ganye shar, ga wani tsauni da aka ce a kansa masu nazarin taurari suka kafa manyan na'urorinsu. Rana ta ƙarshe masu taron suka kai mu wani gidan tarihi da ya haɗa ilimin taurari da labarin kakannin mutanen wurin, waɗanda suka ratsa teku a kwale-kwale ba taswira, sai kallon sama. Aka shigar da mu wani ɗaki mai rufi kamar an kifa ƙwarya, aka kashe fitila, taurari suka cika rufin. Kujerar ta kwanta da ni, ni ma ban yi mata gardama ba. Tafin mutane ne ya tashe ni.

A shagon tsaraba na bakin ƙofa ne idona ya buɗe sosai. Na shiga da ƙa'ida ɗaya: ba zan ratsa rabin duniya in sayo abin da ke bayan tagar ɗakina ba. Duk abin da na ɗauka sai na juya gindinsa na duba inda aka ƙera shi. Kofi mai hoton tsauni, na juya, na ajiye. Maƙalin makulli, na juya, na ajiye. Wata 'yar fitila mai haska taurari a bango kuwa har shagon da ake sayar da ita a unguwarmu na sani, da mai shagon, da inda yake ajiye butar shayinsa.

Dattijuwar da ke kula da shagon, mai furfura da fure a bayan kunne, ta daɗe tana kallona. Daga ƙarshe ta matso ta tambaye ni da Turanci ko wani abu ya ɓace mini a ƙarƙashin kofunan. Na gaya mata inda nake zaune da abin da nake gudu. Ta yi dariya har da riƙe kanta, sannan ta ja ni wani lungu ta ce nan ne kayan da hannun mutanen tsibirin ya yi.

A nan na zaɓa. Na ɗauki wata sarƙa ta 'ya'yan itace, baƙaƙe sul masu sheƙi, kowanne ya kai girman goro ƙarami, wadda suke rataya wa baƙo a wuya don girmamawa. Wannan ta matata ce. Na ɗauki ƙullin wani jan gishiri mai tsakuwa-tsakuwa, wanda ta ce da jar ƙasar wurin ake haɗa shi, saboda ni mutum ne mai son gasa nama ranar hutu. Surukata kuwa na saya mata mafici na saƙa da kwalin alewa, tsarabar da ba za ta jawo magana ba.

Har na nufi wurin biya sai na hango wani yadi a rataye, shuɗi mai duhu, an watsa masa fararen taurari, wasu 'yan ƙanana sun taru wuri guda. Dattijuwar ta ce fitowar wannan tarin taurari a ƙarshen Nuwamba ita ce shigar sabuwar shekararsu ta gargajiya. Na ƙura musu ido, sai na gane su. Kaza da 'ya'yanta ce, wadda kakata take nuna mana in mun baje tabarma a tsakar gida. A ƙarshen Nuwamban kuma likita ta ce mu sa rai da haihuwa. Ban san lokacin da na gaya wa baƙuwar mace abin da ban iya gaya wa abokaina ba, cewa ina jiran ɗa kuma mai yiwuwa ba na nan za a haife shi. Ta naɗe yadin da kanta ta ce a lulluɓe shi da shi ko ina aka haife shi. Na cusa shi can ƙasan jaka, da niyyar in ba matata a ɓoye ta tafi da shi.

Na dawo na tarar surukata ta iso. Gajeriyar mace ce mai tabarau, ta shekara da shekaru tana sayar da atamfa a cikin gida, magana kuma ba ta dame ta ba. Filat ɗinmu ɗaki ɗaya ne da falo, ke nan ba inda suruki zai ɓuya. Na bar musu ɗakin na koma kan kujera. In za ta yi mini magana, bango take kallo ta ce wa 'yarta, "A gaya masa abinci yana kicin," alhali ina zaune inda in ta miƙa hannu za ta taɓa ni. Ni ma in amsa wa darduma, "A ce na gode." Akwatin matata kuwa yana bakin ƙofa a ɗaure, kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Washegarin dawowata, bayan la'asar, matata ta jawo jakar tsaraba tsakiyar falo, domin a gidansu gaban babba ake buɗe ta, shi zai fara ɗauka. Na durƙusa daga bakin ƙofa ina yi mata alama da ido cewa ta tsaya a sama-sama. Ita kuwa auta ce, ba ta san a hankali ba. Ta kama gindin jakar ta zazzage ta gaba ɗaya.

Surukata ba ta ko kalli maficin ba. Sarƙar ta fara ɗauka, ta juya ta, ta sa babban yatsa ta fara ja ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Ashe akwai Musulmi a can," ta ce wa 'yarta. "Carbin nasu dai manya ne. Amma saura ɗaya ya cika talatin da uku."

Na buɗe baki zan yi bayani, matata ta watso mini wani kallo da ya mayar da maganar ciki.

"Wataƙila a hanya ya faɗi, Umma," in ji ta.

Sai ta ɗauki ƙullin gishirin. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta gyara tabarau, ta farke gefen ledar, ta dangwala da yatsa ta kai harshe.

"Jar kanwa," ta ce. "Har an daka. Mai kyau ce kuwa."

Na ce a raina shekaru sun fara taɓa harshen baiwar Allah. Ban gama wannan tunani ba na ga hannunta ya kai kan yadin. Ta warware shi, ta murza bakinsa tsakanin yatsu kamar yadda take yi wa atamfa, ta auna shi da kamu, ta ja shi ta ji ƙarfinsa.

"Wannan ai zanen goyo ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ko da kuwa a falon mutanen da ke ƙasa da mu zan faɗo. Namiji, da cikin fari, ya je ya sayo zanen goyo da hannunsa, kuma ga shi a hannun surukarsa. Ita kuwa ta shimfiɗa shi a cinya tana bin taurarin da yatsa, har ta tsaya a kan 'yan ƙananan nan.

"Kaza da 'ya'yanta," ta ce a hankali. Ta jera kayan uku a gabanta, ta dubi bango. "Carbi na mai zaman jira. Kanwa ta mai jego. Zane na goyo. A gaya masa na ji."

Ni dai ban san me aka ji ba. Sai da ta sa aka kira mata mahaifin matata, ta kuma buɗe muryar wayar yadda manya suke yi, har maƙwabta su amfana.

"Alhaji, yaron nan fa ya riga ya haɗa kayan jego a nan. Tun daga bangon duniya ya ɗauko jar kanwa, da zanen goyo, har da carbin da zan riƙa ja ina jira. Bai buɗe baki ya ce komai ba, kunya ta hana shi. Yanzu da wane ido zan ɗauke masa mata in wuce?"

"Kanwa?" in ji Alhaji. "A Amurka?"

"Ga ta a hannuna."

Ina jin rediyonsa daga can Kano kafin ya sake magana.

"To, ke za ki iya zaman? An ce gidajen nasu kamar akurki."

"Na ga akurkin. Zan iya."

"Shi ke nan. Allah ya raba lafiya. Ki ce ina gaishe shi, ya yi hankali."

Matata ta shige ɗaki da sauri, na ji tana dariya da kuka a haɗe cikin matashin kai. Ni na tashi na ɗauke akwatin nan daga bakin ƙofa na ɗora shi a kan kabad, na tura shi can ciki. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, ga shi ba halin in nuna, sai na fita na zaga ginin namu sau biyu ina gaisa da mutanen da ban sani ba.

Daga baya tsoro ya biyo. Gishiri ne fa, kuma za a dama shi a kunu a ba mai jego. Na ce wa matata mu faɗi gaskiya, ta ce in na kuskura ita da kanta za ta sauko da akwatin. Sai na yanke shawarar in samo kanwa ta gaske in musanya a ɓoye. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin Kano, a hawa na biyu, wanda ba a mako biyu mutanensa ba su zo da kaya daga gida ba. Na same shi yana ɗaure kwalaye.

"Kanwa kuma?" ya ce, ya dube ni yana murmushi. "Kai da kake tura kwantena ƙasashe, kanwa ta gagare ka? Kalas, habibi, an gama magana, za ta zo a kagon jirgi na gaba insha Allah."

Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce, "Shwayya-shwayya, a hankali, tana hanya." Tana hanyar har haihuwa ta zo, 'yan kwanaki kafin lokacin da likita ta faɗa. Mace aka samu. Ina tsaye a barandar asibiti aka miƙo mini ita, na riƙe ta kamar tiren ƙwai, surukata tana gefe da baƙin carbinta tana kallon silin don kada ta ga fuskata.

Jego a International City sai wanda ya gani. Ganyen darbejiya na wanka ni nake samowa, daga wasu bishiyoyi a bayan wurin ajiye motoci, bayan sallar asuba, ina waige-waige kamar ɓarawon kaji. Mai gadin ginin ya kama ni rana ta uku, na yi masa bayani da hannu da ƙafa, washegari sai ga shi da nasa damin ya kawo, ya ce a garinsu ma haka ake yi. Ruwan famfo mai zafi bai gamsar da surukata ba, sai an tafasa a babbar tukunya. Tururin ya tayar da ƙararrawar gobara har sau biyu, maƙwabta suka fito da fasfo a hannu.

Ranar da aka fara dama kunun kanwa, na faki ido na ɗauki kofin matata na kurɓa. Kunun kanwa ne sosai, irin na gida, da ɗan ɗacinsa da ƙanshin gero. Na sake kurɓa. Na leƙa kicin na ga ƙullin Hawai ya ragu. Daga ranar na fara shakkar kaina. Wataƙila ban fahimci Turancin dattijuwar ba, wataƙila jar ƙasar tasu kanwa ce. Har na gaya wa abokan aikina 'yan gida a Jebel Ali cewa akwai kanwa a Hawai, wani ma ya ce a duba yiwuwar shigo da ita.

Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki surukata ta shirya komawa. Matata ta sauka neman tasi, aka bar ni da ita da jaririya a falo. Na durƙusa a wurina na bakin ƙofa ina jiran a gaya wa bango saƙon ban kwana.

"Malam," ta ce.

Na ɗaga kai. Ni take kallo, ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarta.

"Gishirin nan naka yana da daɗi a miyar kuka. Na bar muku saura."

Ta gyara tabarau ta ci gaba.

"Shekara nawa ina dama kunun jego, a ce ban san kanwa ba? Tun washegari na aika wa Alhajin nan na hawa na biyu, ya sa aka kawo mini, na ce kada ya gaya maka." Ta ciro carbin daga jaka. A kusa da ƙullin zaren ta huda ƙwallon dabino ta zura, ya cika. "Tun a filin jirgi na ga fuskar yarinyar nan na san ba ta son tafiya. Kai ma na ga yadda kake harar akwati. Abin da zan gaya wa mahaifinta ne ban da shi, sai ga ka da jakarka. Ƙaryar da na yi masa kuwa, da carbin naka na nemi gafara."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Umma."

"Tashi ka juya."

Na tashi na juya, ban san dalili ba. Sai na ji ta ɗora mini jaririyar a baya, ta ce in sunkuya. Ta yafa shuɗin zanen, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammatata, ta nuna mini inda ake soke na sama da inda ake ɗaure na ƙasa, ta ja ta ƙara tamkewa.

"A gida da ba za ka taɓa wannan ba, akwai gwaggo, akwai inna, akwai yayye," ta ce. "A nan ba ku da kowa. Kai ne gwaggon. Kada ka raka ni, kada kuma ka bari ta yi kuka uwarta tana wanka."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Na matsa jikin taga na ga matata ta buɗe mata ƙofar tasi, sun shiga tare, motar ta bi ta gefen kasuwar 'yan Sin ta ɓace. Yarinyar ta yi ɗan motsi, ta kwantar da kumatunta tsakanin kafaɗuna, ina jin ɗumin numfashinta ta cikin riga. Ba a koya mini yadda ake zama da goyo ba, saboda haka a tsaye matata ta dawo ta same mu.